Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Sanadinsa aka kafa Sabon Gari, ciniki kuma ya bunƙasa a Fagge. Amma abin da ya ɗauki mutum ɗari, ranar da ya fāɗi da mutum ɗari zai faɗi. Dattawa ba su manta da Langalanga ba, inda jirgin fasinja ya kife a 1970, rayuka masu yawa suka salwanta. A 2025 ma jirgin Abuja zuwa Kaduna ya goce daga dogo. Ga shi tun 2021 an ɗora harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi.

To, lalle ne a horar da masu agaji tun yanzu. Ma'aikatan kwana-kwana na Kano sun saba da gobarar kasuwa, kamar ta Sabon Gari a 2016, amma tarago ba rumfa ba ne. Ƙarfe ne mai kauri, in ya kife ƙofarsa sama take komawa. Ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta ba da tsohon tarago, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibitin Murtala su riƙa gwaji a kansa.

Kuma kada horon ya tsaya ga ma'aikata. Wanda zai fara isa wurin haɗari ɗan dako ne, da mai shago, da almajiri. A koya musu abu huɗu. A fara sanar da tasha don a tsai da jirgin da ke tafe, gama jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota. Kada a ja wanda wuyansa ko bayansa ya karye. A danne jini da tsumma mai tsabta. A duba wanda ya yi shiru kafin mai kururuwa, domin mai kururuwa yana numfashi.

Ceton rai farilla ce ta kifaya, malamai sun sani. Tausayi kuwa ba tare da sani ba yana iya ƙarasa wanda haɗari ya bari. Shugabannin Kantin Kwari da Sabon Gari su zaɓi samari daga kowane layi, malamai su ba da manyan almajirai, hukuma ta kawo masu koyarwa.

Allah Ya kiyaye matafiya, amin. Wassalamu.