Raddi ga masu ɗora wa 'yan kallo laifin faɗuwar sababbin fina-finai masu dogon zango

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin wasu furodusoshin Kannywood da masu yi musu sharhi, cewa idan sabon fim mai dogon zango ya fito bai karɓu ba, to daga 'yan kallo ne. Wai TikTok ya kashe musu haƙuri, fassarar fina-finan Indiya ta ɗauke musu hankali, data ta yi tsada, kuma ba sa kallon fim sai da fuskar jarumin da suka sani. Kowace daga cikin waɗannan tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa ake saurin karɓar su. Amma in an bi su ɗaya bayan ɗaya, za a tarar babu wadda ta isa ta zama dalili. Abin da nake gani shi ne, wasa mai dogon zango da sabo yake rayuwa, kuma mafi yawan sababbin da ake yi yau masu su ne ke yanke igiyar sabon tun kafin ta ƙullu.

Sun ce ɗan kallon yau ba ya iya zaman awa guda, ya saba da bidiyon daƙiƙa talatin. Sai mu tambaye su: su wane ne ke zaman jiran Labarina duk mako? Su wane ne suka bi Izzar So zango bayan zango a YouTube? Ai su ne dai masu TikTok ɗin, da waccan wayar da ake zargi suke kallo, sannan su yanko wani wuri daga fim ɗin su mayar da shi TikTok su yi ta muhawara a kai. Ƙari a kan haka, mutuwar sabon wasa ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A shekarar 1992 BBC, da duk kuɗinta da ƙwarewarta, ta gina gari sukutum a ƙasar Sifen domin wani wasa mai suna Eldorado, ta ɗebo 'yan wasa da dama da ba su goge ba, ta fito da shi cikin gaggawa. A 1993 aka rufe shi. Mutanen Ingila da suka juya masa baya su ne kuma ke kallon Coronation Street, wanda aka fara tun 1960, da EastEnders na 1985. Babu TikTok a lokacin, babu YouTube. Ashe ke nan cutar tana jikin yadda ake haihuwar wasan.

Sun ce Indiya-Hausa ta cinye kasuwa. Wannan ba ta buƙatar doguwar amsa. Bahaushe yana kallon fim ɗin Indiya tun zamanin silimun Kano da Kaduna da Jos, kuma hakan bai hana Samanja Mazan Fama da Karkuzu na Bodara tara jama'a gaban talabijin ba. Algaita da takwarorinta suna tsaka da fassara lokacin da Daɗin Kowa ya yi tashe, kuma tashar Arewa24 da ke nuna shi ita da kanta tana saka fassararrun wasannin waje. In akwai darasi a nan, shi ne cewa wanda ya iya bin wasan Indiya mai ɗaruruwan fitowa bai rasa haƙuri ba.

Batun tsadar data ya fi sauran nauyi, kuma ba za a musa shi ba. Tun cire tallafin man fetur a 2023 aljihun talaka ya rame, sannan a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Sai dai masu kawo wannan hujja suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: rashin 'yan kallo da rashin kuɗin shiga. Wanda datarsa ba ta isa ba yana zuwa shagon masu tura fina-finai a zuba masa a waya da kuɗi kaɗan. Wannan asara ce ga furodusa, domin kallon bai shiga lissafin YouTube ba, amma mai shagon zai gaya maka wane fim ake layi a kansa da wanda ba a tambaya. Tsada tana sa mutum ya yi zaɓe ne kawai. In yana da halin bin wasa biyu a mako, zai ajiye kuɗinsa ga wanda ya tabbata zai fito ranar da aka ce, labarin kuma zai motsa.

Sun ce sai da manyan jarumai. Tarihin masana'antar ma ya ƙaryata wannan. Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma Daɗin Kowa ya ginu ne galibi a kan fuskokin da kasuwar bidiyo ba ta ɗauke su taurari ba. Kamaye da Adama sun shiga bakin yara da manya saboda an rubuta su yadda kowa ke ganin maƙwabcinsa a jikinsu, har wasan ya ci lambar AMVCA a 2016. Aisha Najamu ba ta kawo wa Izzar So suna ba, Izzar So ne ya fito da ita a matsayin Hajiya Nafisa. Labarina kuwa ya ba da hujja mafi ƙarfi: Nafisa Abdullahi ta bar matsayin Sumayya, Fati Washa ta karɓa, daga baya ma Aminu Saira ya sauya labarin ɗungurungum zuwa na Mainasara, jama'a ba su watse ba. Sunan jarumi yana iya jawo mutum ya leƙa fitowar farko. Dawowarsa a ta shida aikin marubuci ne.

To me ke kashe sababbin? Wasa mai dogon zango alkawari ne tsakanin mai shi da mai kallo: rana kaza, ƙarfe kaza, waɗannan mutanen za su dawo, kuma wani abu zai faru da su. Sabon wasa yana farawa ne da baƙin fuska, babu wanda ya damu da auren wance ko gadon wane, sai an yi makonni ana zama da su. A daidai wannan lokacin ne da yawa ke karya alkawari. Ana shiga ɗauka da kuɗin fitowa uku ko huɗu, da fatan talla da YouTube za su biya sauran. Kuɗin ba su zo da wuri ba, sai a tsallake mako, sai biyu, sai a ji shiru. Marubuci, wanda ya kamata a ce ya gama zango guda kafin a kunna kyamara, sau da yawa shi ne mafi ƙarancin sallama, wani lokacin a wurin ɗauka ake ƙirƙirar zancen. Daga nan ne ake samun minti goma na gaisuwa a falo, da mota tana shiga get tana fita, da tuna baya da ake maimaitawa don cike lokaci. Ga kuma kwaikwayo: da Izzar So ya karɓu, sai aka yi ta ganin hajiya mai girman kai da talaka mai gaskiya a ofis, kamar ɗan kallo zai bar na asali ya koma wa kwafi. Kwana Casa'in ya samu wuri ne domin ya shiga siyasa da cin hanci a garin Alfawa lokacin da kusan kowa ke falo yana soyayya.

Za a iya ce mini: in dai sabo ne, ai ka ba mu gaskiya, tunda tsofaffin sun riga sun mamaye daren mai kallo, kuma Labarina da Izzar So sun ci sa'ar kullen korona a 2020, lokacin da mutane ke gida, kasuwar faifai kuma ta riga ta mutu. Na yarda cewa ƙofar ta fi ƙunci yanzu, kuma wanda ya shigo a makare sai ya ninka ƙoƙari. Amma ba a rufe take ba. Manyan Mata na Abdul Amart ya shigo bayan kulle ya samu jama'a da batun almajirai da halin da mata ke ciki, haka Garwashi na Fauziyya D. Sulaiman da ya taɓo rayuwar zawarawa. Dukkansu sun tarar da TikTok da Indiya-Hausa da tsadar data a gabansu. Ko Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, da wasu ke ƙarawa cikin jerin uzuri, lokacin da ta dakatar da wasanni 22 a watan Mayun 2025, manyan da suka riga suka kafu ne a sahun gaba, irin su Labarina da Daɗin Kowa, kuma 'yan kallonsu suka yi ta tambayar ranar dawowarsu.