Feshi A Gonar Ciyawar Dabbobi: A San Abin Da A Ke Kashewa

Yanzu burtali ya ƙuntata, makiyaya da yawa sun zama gonaki, saboda haka masu shanun tatsa da masu turkar raguna sun fara shuka ciyawa da hannunsu. Gamba da kyasuwa su ne kan gaba, sai baƙin iri waɗanda a ke gwadawa a Shika, kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi tun 1928. Amma da damuna ta kankama sai tafasa da ƙashin yawo su taso su danne shukar. Nan fa mai gona ya kan ruga kasuwa ya ce a ba shi maganin ciyawa, bai faɗi wace iri ba. Wannan shi ne babban kuskure, gama abin da ya shuka ma ciyawa ce.

Maganin nan iri iri ne. Wanda a ke kira gilaifoset ba ya zaɓe, kowane kore ya taɓa sai ya mutu har saiwa. Amfaninsa kafin shuka ne, don a kashe tofa. In an fesa shi a kan gamba, to, an yi asarar shekara. Wanda ya dace da gonar da ta riga ta tsiro shi ne 2,4-D, watau mai kashe tsire-tsire masu faɗin ganye, ya bar dangin gamba. Shi ma yana da sharuɗɗa. Kada a fesa sai gamba ta yi ƙarfi ta fara 'ya'ya, kuma tun tafasa tana ƙarama, ba ta yi fure ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya haɗa ciyawarsa da dangin wake don ƙarin kuzarin dabbobi, ya sani maganin zai kashe su duka.

Akwai kuma hakkin maƙwabci. Ran da a ke iska, feshin ya kan faɗa gonar auduga ko tumatir ko wake, ganye ya nannaɗe, a ƙare gaban alƙali. Sai a zaɓi safiya mai tsit, a rufe hanci da hannu da ƙafa. Kada a wanke tankin feshi a bakin rafi, kada kuwa a zuba mai ko nono a galan ɗin magani. Bayan feshi a tsare dabbobi iyakar kwanakin da aka rubuta jikin kwalba, balle shanun da yara ke shan nononsu. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa malamin gona. Farakwat kuwa, hukumar NAFDAC ta hana shi tun 2024, gama wanda ya sha ba shi da makari. 'Yan kasuwa su ji tsoron Allah su daina sayar da shi.

Sa'an nan a lura, tafasa ba ta samun wuri sai inda shanu suka gwaigwaye ciyawa har ƙasa ta bayyana. Ko an yi feshi sau goma, in ba a rage kiwo ba, baɗi za ta komo. A raba gona kashi kashi, a riƙa hutar da ita, a zuba taki, gamba da kanta za ta rufe ƙasa. Mai rabin eka ma fartanya ta fi masa arha.

Allah ya ba da damuna mai albarka, amin.