Malamin Da Bai Taɓa Kwana a Daji Ba

'Yan'uwana ɗalibai, a lokacin gwajin koyarwa da ya wuce na tsaya gaban yara 'yan aji biyar ina koya musu labarin ƙasa. Na zana Kogin Kwara a allo, na zana Tafkin Kainji. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka taɓa ganinsa da idonka?" Na ce na taɓa. Nan da nan aji ya yi tsit, kowa ya kafa mini ido. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

A shekarar 2015, ina yaro, malaminmu ya kai mu Gandun Dajin Kainji. Muka fara tsayawa a madatsar ruwa wadda aka gama a 1968, muka ga tafkin da tsawonsa ya kai wajen mil 80. Aka gaya mana tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwan nan, shi ya sa aka gina Sabuwar Bussa. Daga nan muka bi ta Wawa, muka shiga daji har zangon da ke bakin Kogin Oli.

Gandun ya fi murabba'in mil 2,000. A 1979 ne aka yi dokar da ta haɗa dajin Borgu da na Zugurma suka zama gandu guda, shi ne na farko irinsa a Nijeriya. Wannan duk yana cikin littafi. Abin da littafi bai gaya mini ba shi ne yadda dorina ke gurnani da tsakar dare, har ka ji kamar a gindin shimfiɗarka take. Ba wanda ya runtsa a cikinmu, ko da yake da safe kowa ya rantse ya yi barci.

Da asuba muka fita a ƙafa, ma'aikacin gandu yana gaba da bindigarsa. Mutumin nan bai yi makaranta mai zurfi ba, amma ban taɓa samun malamin da ya fi shi ba. Ya kan tsaya ya nuna ƙasa ya ce, wannan sawun gwanki ne, wancan na maraya, ga kuma inda ɓauna ta kwanta jiya. Ya koya mana rarrabe doka da maje. Tsando ya cije mu, ruwan goranmu ya ƙare tun kafin azahar domin mun yi ta kwankwaɗa. Wani abokina da ya zo da sabon takalmi don burga, a hannu ya komo da shi.

To, na san abin da za ku ce. A shekarun nan 'yan bindiga sun shiga dajin, garuruwan da ke kewaye sun sha wuya ƙwarai. Gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a ɗebi ɗalibai a kai su can a halin da ake ciki. Amma abin da ke damuna shi ne, mun mai da wannan hujjar zama a ɗaki. Shekara biyu ke nan ina kwalejin nan, ba a taɓa fita da mu ko mil biyar a ƙafa ba. Idan aka yaye malamai da ba su san daji ba, su kuma su yaye yara haka, wa zai tashi ya nemi hukuma ta ƙwato Kainji? Mutum ba ya kukan rashin abin da bai taɓa gani ba.

Wasu kuwa sun ce ba kuɗi. Tabarma, tukunya, gari da ƙuli-ƙuli, tocila, gidan sauro: wanne ne babu a ɗakunan kwananmu?

Saboda haka ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu na labarin ƙasa su sa mana fita ta kwana biyu cikin hunturu, zuwa wani dutse ko bakin kogi na kusa inda ake da lafiya, bayan an nemi iznin mai gari da shawarar jami'an tsaro. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi ya rubuta itatuwa da sawun da ya gani. Wanda ya yarda da wannan, ya same ni a ɗakin karatu ran Asabar bayan la'asar mu rubuta sunaye.