A Gyara Kilarinet Ɗinmu Tukuna

Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina bisa maganar da ta taso a taron kwamitin wasanni, wai a jingine kilarinet guda 4 na 'yan badujalar kwalejinmu, a ɗebi kuɗin ɗalibai a sayo sababbi. Ni dai ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

Ga wanda bai san ta ba, kilarinet ita ce baƙar abar busan nan mai kama da algaita, wadda ƙarafa farare suka lulluɓe. Ƙarafan nan su ne maɓallanta, aikinsu kuwa babba ne. Mutum yatsu 10 gare shi, babban yatsan dama yana tallafe da ita, saura 9, hujojin jikinta kuwa sun fi 20. To, maɓallan su ke kai wa inda yatsa ba ya kaiwa. A ƙarƙashin kan maɓalli akwai ɗan matashi mai laushi da ke toshe huji, da ɗan sifirin siriri kamar allura da ke mai da shi wurinsa. Ba a dare ɗaya aka kai ga wannan ba. Wadda Johann Christoph Denner ya ƙera a birnin Nuremberg na Jamus wajen 1700 maɓalli 2 gare ta. A 1812 Iwan Müller ya fito da mai 13. Sa'an nan tsakanin 1839 da 1843 Klosé da Buffet suka shirya a Faris irin wadda muke busawa yau, mai maɓalli 17 da zobe 6, wadda ake kira tsarin Boehm.

Abin da ya kamata jama'a su gane shi ne, in matashi ɗaya tak ya daina rufewa sosai, musamman na can sama kusa da baki, iska za ta riƙa zurarewa, duk muryoyin da ke ƙasa da shi su lalace. Yaro ya busa, ta yi kuka kamar an taka ɗan kwikwiyo, sai a ce ta mutu, alhali kuwa abin da ya same ta bai kai girman farce ba.

Ran Asabar na karɓi mabuɗin sito na duba su ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake yi ba wuya: ka raba ta, ka ɗauki gaɓa ɗaya, ka toshe gindinta da tafin hannu, ka rufe hujoji da yatsu, ka tsotsa ta sama. In ta kama leɓenka, lafiya. In iska ta shigo, akwai inda ke yoyo. Ta farko, matashi 2 ne suka yage. Ta biyu, ɗan ƙarfen da ke haɗa gaɓar sama da ta ƙasa ne ya lanƙwashe, don yara suna murɗa ta da ƙarfi wajen haɗawa ba su danna zobban sama ba. Wannan laifinmu ne mu malamai, da ba mu nuna musu ba. Ta uku, ruwan damina ya sa sifirin ya yi tsatsa ya karye. Ta huɗu kaɗai ce itacenta ya tsage, ita ce kuma zan yarda a musanya.

Saboda haka ina ba da shawara a kai ukun nan wurin gwanin gyara, a kuma roƙe shi ya koya wa ɗalibai 2 sa matashi da ɗaure noti. Waɗannan gobe su ne malamai, a ƙauyen da za a tura su kuwa babu mai gyara sai su.

In an zo sayen guda ɗayar, ina jan kunnen kwamiti. Kada a ruɗu da cewa ta itace ita ce ta manya. Gaskiya ne, ana yin masu tsada da baƙin itacen nan na Tanzaniya da Mozambik, amma itace yana shan danshi da damina, in hunturu ya zo ya bushe ya tsage, kamar yadda tamu ta yi. Ta roba ba ruwanta da wannan, ita ce daidai da hannun ɗalibai da faretin rana. A tabbata ta tsarin Boehm ce, don akwai ta Jamusawa, tsarin Oehler, wadda ajiye yatsunta dabam ne, ba za ta dace da littattafanmu ba. A guji mai arhar nan da maɓallanta ke lanƙwashewa da ɗan matsi kaɗan, don mai gyara in ya zo miƙe su sai su karye a hannunsa. A kuma tambayi mai kanti ko yana da matashi da sifirin irin nata. Kada kuma a biya ko kwabo sai mai busa ya bi ta daga muryar ƙasa har ta sama a gaban wanda aka aika.

Ukun nan suna nan a sito, na ɗaura wa kowace takarda mai bayanin ciwonta. Duk ɗan kwamitin da ke shakka, ya zo bayan la'asar in nuna masa.