Williams FW14B: kwamfuta ce ta ci gasar 1992 ko Nigel Mansell?

Duk lokacin da masu bin tseren motoci na Formula 1 suka tayar da zancen Williams FW14B, ba a rasa mai cewa ai kwamfuta ce ta ci gasar 1992, Nigel Mansell sitiyari kawai ya riƙe. Maganar tana da daɗi a kunnen masu son fasaha, amma alƙaluman shekarar ba su goyi bayanta ba.

Babu musu motar ta fi ƙarfin sa'o'inta. A cikin tsere 16 na kakar, ta ci 10, ta kuma tashi daga gurbin farko sau 15. Mansell ya lashe biyar na farko a jere, daga Afirka ta Kudu har zuwa Imola a Italiya, kuma tun watan Agusta ya tabbatar da kambunsa a Hungariya, saura tsere biyar a gama. A filin Silverstone na Ingila, ranar gwajin neman gurbi, ya ba Ayrton Senna na McLaren ratar fiye da daƙiƙa biyu da rabi a zagaye ɗaya. A wasan da ake rabuwa da ɓurɓushin daƙiƙa, wannan cin fuska ne.

Abin da ya kamata mai sha'awar na'urori ya lura da shi shi ne ƙirar motar ba sabuwa ba ce. Gangar jikinta kusan ta FW14 ce ta 1991, wadda Adrian Newey da Patrick Head suka zana, injin kuma Renault mai silinda 10 da girman lita 3.5. Babban abin da ya canza yana tsakanin taya da jikin mota.

Motar tsere tana riƙe hanya ne da iska. Fukafukanta da ƙirar ƙasanta suna sa iska ta danne ta a kan kwalta, shi ya sa take shan kwana da gudun da motar gida ba za ta iya ba. Matsalar ita ce dannawar nan ta dogara da tazarar da ke tsakanin ƙasan motar da kwalta. Mota mai sifirin da shokozoba irin na yau da kullum, in an taka birki sai hancinta ya nutse, in an taka totur bayanta ya zauna, a kwana kuma ta karkata. Kowane motsi yana canza tazarar, ƙarfin riƙon hanya ya riƙa zuwa yana tafiya. Williams ta ba kwamfuta wannan aiki: na'urorin aunawa suna kai mata rahoton halin da motar take ciki, ita kuma tana ba famfunan matsin mai da ke kowace taya umarnin su ɗaga ko su sauke, domin motar ta zauna a tsayin da Newey yake so ko'ina a kan hanya. Wani matashin injiniya, Paddy Lowe, yana cikin waɗanda suka yi aikin manhajar. Ga kuma tsarin da ke rage ƙarfin inji da zarar tayoyin baya sun fara sulɓewa, da giyar da ake canzawa daga jikin sitiyari. Wanda ya taɓa ganin wayoyi biyu masu kyamara kusan iri ɗaya amma hoton ɗaya ya fi kyau saboda manhaja, ya san irin wannan bambanci.

To, in haka ne, me ya rage wa direba? A nan ne hujjar masu raina Mansell take rushewa, domin motar biyu ce, kuma Riccardo Patrese ne ke tuƙa ɗayar. Patrese ba ɗan koyo ba ne. A 1991, lokacin da motar ke kan sifirin, ya ci tsere biyu, a farkon kakar ma sau da yawa ya fi Mansell sauri a gwajin neman gurbi, suka ƙare da maki 72 da 53. Da aka sa musu kwamfuta, sai ya koma 108 da 56. Mansell ya ci tara, Patrese ɗaya tak, a Japan. A wancan gwaji na Silverstone, kusan daƙiƙa biyu ne tsakaninsu, alhali manhaja ɗaya ce, inji ɗaya. Da kwamfuta ce ke tuƙin, da ratar raguwa za ta yi, sai ga shi ta ninka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Direba yana jin iyakar motarsa ne ta jikinsa, yadda ta karkata da yadda ta nutse. Tsarin Williams ya ɗauke masa yawancin waɗannan alamu. A bakin kwana akwai ɗan lokacin da motar ke zama kamar tana shawagi kafin ta kama hanya, kuma ba ta ba da cikakken riƙonta sai an shiga da gudu. Wato sai mutum ya yarda da lissafin da ba ya gani, a gudun da kuskure kan kai shi ga bango. Mansell ya yarda ya danna, ga shi da ƙarfin hannun juya sitiyari mai nauyi. Patrese ya fi sakin jiki da tsohuwar motar da yake jin motsinta.

Akwai gaskiya ɗaya a wajen masu suka: da Mansell yana cikin wata mota a 1992, da wuya ya ɗauki kambun. Amma haka yake ga kusan kowane zakara a wannan wasa. Kuma ko FW14B ba ta tsira daga ƙananan matsaloli ba. A Monako Mansell yana gaba, saura zagaye kaɗan, matsalar taya ta tilasta masa tsayawa, Senna ya wuce ya tare masa hanya har ƙarshe.

Hukumar FIA ta haramta wannan tsari da sauran na'urorin taimaka wa direba daga kakar 1994, bayan Alain Prost ya sake cin gasa da magajiyarta FW15C. Hujjar tsada tana da ma'ana, tunda ƙananan ƙungiyoyi ba su da kuɗin bin sawu. Hujjar cewa direba ya zama fasinja ita ce mai rauni. Mansell kuwa a lokacin ya riga ya tafi Amurka, inda ya shiga gasar IndyCar a 1993 da motar da ba ta da wannan tsari, ya kuma ɗauki kambun a shekararsa ta farko.