Nonon Uwa Ba Takunkumi Ba Ne



A ƙasar Arewa kana iya tsayawa tsakiyar kasuwar Dogon Dutsi ka soki ɗan siyasa, ka soki maigari, ka soki mushen lakkal, har ka samu masu tafa maka. Kana iya cewa mahaifinka bai kyauta maka ba, a ce ka yi haƙuri, halin maza ke nan. Amma ranar da ka buɗe baki ka ce mahaifiyarka ta cuce ka, ranar za ka ga yadda fuskoki ke sauyawa. "Subhanallahi! Uwa hwa?" Shi ke nan, an yanke shari'a tun ba a saurari mai ƙara ba.

Ni ɗiyar Kiéché ce, nan aka yanke mini cibi, kuma shekarun da na yi a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ba su mantar da ni darajar uwa ba. Na san wadda ke tashi tun assalatu ta kama daka, ta ja guga, ta yi itace, ta kwana da yunwa don yaranta su ƙoshi. Da sanin duk wannan nake cewa akwai iyaye mata da ke cutar da ɗiyansu, cuta mai barin tabo, kuma shirun da muke yi a kanta shi ke ɗauke ta daga kaka ya kai wa uwa, daga uwa ya kai wa jika.

Kada wani ya ce tsawatarwa nake nufi. Kowa ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da nake nufi kun san shi, don kun gani da idonku. Yarinya 'yar shekara 9 ta dawo daga talla da ragowar ƙosai, a zane ta da igiyar guga, ta kwana ba tuwo. Yarinya mai ƙoƙari a aji a cire ta daga lakkal don a tara kuɗin kayan ɗaki, alhali ƙanenta namiji yana ci gaba da zuwa. Yarinya ta tashi ba ta san wani kirari daga bakin uwarta ba sai "shegiya", "'yar banza", "da na sani da ban haife ki ba". Yarinya ta zo tana kuka ta ce wani babba na gidan ya taɓa ta, uwar ta ɗauke ta da mari ta ce ta rufe baki kada ta tona asirin dangi. Matar aure ta yo yaji da kumburarriyar fuska, uwarta ta saka ta gaba ta mayar da ita ɗakin miji kafin magariba. Su ma maza ba su tsira ba: nawa ne suka saki matan da suke so don kawai tsohuwa ta rantse?

Makamin da ya fi kowane kaifi kuwa shi ne wannan: "In kika ƙi, ban yafe miki nonon da kika sha ba." Jama'a, jariri bai ci bashin nono ba. Haƙƙinsa ne da Allah ya ɗora wa waɗanda suka kawo shi duniya. Yaya za a yi abincin da aka ba jinjiri ya zama igiyar da za a ɗaure shi da ita har ya yi furfura?

To, wace ce wannan uwa, kuma ina ta samo wannan zafin? Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa cikin mata 'yan shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Binciken ya kuma nuna cewa a lissafin tsaka-tsaki mace na haihuwa fiye da sau 7. Ku tsaya ku auna. Wadda muke kira uwa, sau da yawa yarinya ce aka cire daga wasan gaɗa aka miƙa wa goyo. Ba ta gama zama ɗiya ba aka ce ta zama uwa. Mijin ya tafi cin rani Najeriya ko Abijan ko Libiya, ya bar ta da uwar miji, da kishiya, da rumbun da ke ƙarewa tun kafin damina. Ba ta isa ta ɗaga wa miji murya ba, ba ta isa ta mayar wa suruka magana ba. A duk faɗin gidan mutum ɗaya ne ke ƙasa da ita, ita ce ɗiyarta. Can ne duk wutar ke sauka.

Ni ɗiyar fari ce, kuma na sha hannu yadda ba na so ko maƙiyina ya sha. Bayan na girma, wata rana muna sussuka na tambaye ta: "Inna, ke yaya aka yi naki auren?" Ta daɗe ba ta tanka ba. Daga baya ta ce shekararta 14 aka kai ta, sau uku tana gudowa gida, sau uku uwarta na mayar da ita, na ukun da bulala. Na ce: "Inna, to mi ya sa kika yi mini irin abin da aka yi miki?" Ta ce: "Ke, ni wa ya ji tausaina?" Wannan tambaya tata ita ce dukan labarin. Wanda ba a taɓa jin tausayinsa ba, a ina zai koyi jin tausayi? Na fahimce ta ranar nan. Amma fahimta ba ta goge tabon da ke bayana ba, kuma ba ta mayar da abin da aka yi mini daidai ba.

Akwai masu cewa ai mu ma haka aka rene mu, ga mu nan ba abin da ya same mu. Wallahi abu ya same ku. Mace mai shekara 40 da ba ta iya cewa a'a ga kowa, namijin da ba ya iya magana da iyalinsa sai da tsawa, budurwar da ta amince da auren duk wanda ya fara zuwa don dai ta bar gidansu, duk waɗannan abin da ya same su ne ke tafiya da ƙafafunsu. A 1998 an wallafa wani babban bincike a Amurka, wanda daga ƙarshe ya ƙunshi mutum fiye da 17,000, aka tambaye su irin wahalar da suka sha suna yara: duka, zagi, cin zarafi, ganin ana dukan uwa. Aka gano cewa gwargwadon yawan wahalar, gwargwadon haɗarin baƙin ciki mai tsanani, da shaye-shaye, da ciwon zuciya bayan an girma. Jikin ɗan Adam ɗaya ne, na Amurka da na Dallol Mawri. Yaron da ya tashi cikin fargaba, jikinsa yakan saba da zama cikin shirin gudu ko faɗa, ko da abin tsoron ya daɗe da wucewa.

Sai kuma masu fakewa da addini. Gaskiya ne, Musulunci ya ɗaukaka uwa matuƙa, kuma Alƙur'ani ya hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye. Ba na jayayya da wannan ko kaɗan. Amma addinin nan dai shi ya ba ɗa haƙƙi a kan iyayensa. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi yana da ɗiya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya nuna masa cewa rahamar da mutum ke samu tana tare da rahamar da yake yi. Ya kuma zo cewa Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙara mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi ya warware auren. Bai kira ta marar tarbiyya ba, bai mayar da ita ɗaki da bulala ba. To mi ya sa wa'azinmu ya cika da haƙƙin iyaye, amma haƙƙin ɗiya sai a daɗe ba a ji shi a huɗubar Juma'a ba? Rabin gaskiya da aka maimaita shekara da shekaru ya zama sandar duka.

Wasu kuma za su ce boko ne ya lalata mu, 'yan mata sun fara mayar da magana. Ku ne fa kuke alfahari da Sarauniya Mangu ta Lugu, nan cikin ƙasarmu, wadda ta tsaya gaban sojojin Voulet da Chanoine a 1899. Yaya za ku yi kirari da macen da ta ce a'a ga masu bindiga, sannan ku reni jikokinta a kan cewa a'a haramun ce a bakin mace?

Ba kuma na tare da shawarar da ake kwasowa daga intanet, wai duk wadda uwarta ta cuta ta yanke hulɗa da ita ta kama gabanta. Wanda ya rubuta wannan bai san Kiéché ba. A nan tsohuwar da ɗiyanta suka juya wa baya ba ta da fansho, ba ta da gidan tsofaffi, yunwa ce ke jiranta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma kuma ba a barin ruɓaɓɓen hannu haka nan a ce haƙuri zai warkar da shi. Wanke shi ake yi, ko da zafi, a sa magani.

Laifin kuma bai tsaya kan mata ba. Ina uban yake lokacin da ake dukan? Wa ya karɓi sadakin 'yar shekara 14? Wa ya saki uwar, ya karɓe yaran ya miƙa wa kishiya? Ina hukuma? Dokar farar hula ta ƙasarmu ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma mafi yawan aurenmu ma al'ada ce ke hukunta shi. An yi ta yunƙurin samar da dokar iyali, har a 2011, ana janyewa. A watan Disamba na 2017 an sa hannu kan dokar kare ɗiya mace mai karatu, amma ku je ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri ku ƙirga 'yan matan da suka shiga koleji, ku dawo bayan shekara huɗu ku sake ƙirgawa. Mun ɗora wa uwa aikin ɗan doka na al'adar da maza suka tsara, sai mu koma gefe muna mamakin taurin zuciyarta.

To mi ne abin yi? Na farko, mu kira ciwon da sunansa. Ki samu wadda kika amince da ita, gwaggo ko malama ko aminiya, ki faɗi abin da aka yi miki ba tare da kin ƙawata shi ba. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Na biyu, biyayya tana da iyaka. Ki gaishe ta, ki ciyar da ita, ki kai ta likita, ki sassauta murya a gabanta. Amma in ta ce a cire ɗiyarki daga lakkal, ko a ɗora mata talla har dare, ko a ba da ita ga wanda ba ta so, ki durƙusa ki ce: "Inna, ki gafarce ni, wannan kam ba zai yiwu ba." Ba ki saɓa wa Allah ba. Ke ce ganuwar da ita ba ta samu ba.

Na uku, dattawa masu sulhu su daina yin shari'a mai ido ɗaya. Kullum ɗa ake durƙusarwa ya roƙi gafara. Yaushe za a ja uwa gefe, cikin mutunci, a ce mata: "Hajiya, kin cuci yarinyar nan, ki nemi yafiyarta"? Mi ya sa sai an zo tafiya Makka ko ana gargarar mutuwa ake iya furta "ki yafe mini"? Yafiya kuma ba a ƙwatar ta da barazanar tsinuwa. Wadda aka cuta ita ke da lokacinta.

Na huɗu, muna da wuraren zama, mu yi amfani da su. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, sun koya wa matan karkara tara asusu da ba juna rance. In ana iya zama kowane mako a ƙirga kuɗi, ana iya ƙara rabin awa a yi maganar reno ba da zagi ba. Makarantar mazaje da aka fara a jihar Zinder ta nuna cewa maza na iya zama su tattauna lafiyar matansu. Su ƙara da maganar hannun da ake ɗagawa a kan yara. Gidajen rediyon karkara da malaman islamiyya su ma aikinsu ne.

Na biyar, hukuma ta kawo kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kusa da talaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa baƙin ciki mai tsanani. A wurinmu mai jegon da ta daina magana, ko take jin haushin jaririnta, sai a ce iska ce ko baƙin hali. Ungozomar da ke auna ciki a likitar ƙauye ya kamata a horar da ita ta iya tambayar: yaya zuciyarki?

Na san wasu za su zo ƙasan rubutun nan su ce ni 'yar tsinanniya ce. Ku faɗa, na ji wanda ya fi wannan tun ina goye da ƙannena. Amma ke da kike karantawa hawaye na zubo miki, ki sani ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ki yi laifi ba don abin ya yi miki ciwo. Kina iya son mahaifiyarki, kina yi mata addu'a bayan kowace salla, kuma ki rantse cewa bulalar da ta gada daga tata uwar ba za ta wuce hannunki ba. Wannan ma biyayya ce, don ranar da za a tambaye ta game da jikokinta, ke kin rage mata kaya.

Allah ya gafarta wa iyayenmu, ya sanyaya zukatansu, ya ba mu ikon renon namu ɗiyan da rahama.