Elden Ring: kafin ka fitar da kuɗinka

Jama'a, tambayar wannan makon ita ce ko Elden Ring ya cancanci a saye shi. Ni dai na ce ya cancanta, amma ba ga kowa ba. Kuma abin da zai fi ci maka ba kuɗi ba ne, lokacinka ne da haƙurinka.

Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya fitar da shi a watan Fabrairun 2022 a kan dala 60, kuma shi ya lashe kyautar gwarzon gem na wannan shekarar a bikin The Game Awards. Yana hawa PS4, don haka ba sai kana da PS5 ba.

Matsalar ita ce yawancinmu God of War muka saba da shi, inda ake riƙe maka hannu, a nuna maka hanya, a ba ka labari kamar fim. Nan babu wannan. Babu zaɓin sauƙi ko wahala. Kana fitowa filin Limgrave za ka hango wani jarumi mai sulken zinariya a kan doki, Tree Sentinel. In ka yi masa gaba da gaba, sara biyu ko uku zai kwantar da kai. Mutane da yawa a nan suke yanke hukunci cewa gem ɗin mugunta ce kawai. Alhali an ajiye shi a wurin ne don ka koyi kaucewa, ka dawo masa in ka yi ƙarfi. Haka Margit, bos ɗin da ke tsare hanyar fadar Stormveil. In ya hana ka sakat, hau dokinka Torrent ka yi kudu, ka share kogunan da ke can, ka ƙara jini, ka gyara makami. Ranar da ka dawo ka kayar da shi, wallahi daɗin da za ka ji babu gem ɗin da ke ba ka shi a ɓagas. Wannan daɗin shi kake saye.

Akwai abin da ba na yafe musu: babu maɓallin tsayar da wasa. Ko ka buɗe jakar kayanka, dodo na nan yana saran ka. A kira salla ko Hajiya ta ƙwala maka kira kana tsakiyar faɗa, sai dai ka ajiye ka dawo ka tarar da gawarka. Labarin ma, duk da George R. R. Martin ya sa hannu a tushensa, a warwatse yake cikin bayanan makamai da zantukan mutanen da kake haɗuwa da su. Wanda Turancinsa bai nuna ba zai gama bai san dalilin yaƙin ba.

To wa zai saya? In kai ɗalibi ne mai jarrabawa a gaba, ko mai shago da ke samun rabin awa kafin barci, bar shi tukuna, domin cinye shi na iya kai ka awa 60 ko fiye. Kada kuma a saya wa ƙananan yara, akwai jini da halittu masu ban tsoro. Amma in kana da lokaci, nemi faifan da aka yi amfani da shi, ya fi araha, kuma ka huta da sauke sama da GB 40 da datarka. Ana buga shi ba tare da intanet ba. Ƙarin Shadow of the Erdtree na 2024 kuwa, kada ma ka kalle shi sai ka yi nisa, don ba ka shiga cikinsa sai ka kashe Radahn da Mohg.